Kofin zakarun Afirka na mata: ga amsoshin, ku bar ni in huta

Tun ranar da na rubuta "Edo Queens da TP Mazembe" da alli a allon ƙofar gidan kallona, nan ƙauyenmu a ƙasar Ringim, ban huta da tambaya ba. A teburin mai shayi, a kasuwa, har a hanyar gona sai wani ya tsayar da ni. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Na tara su wuri guda, wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki nan zan turo shi.

Wai da gaske mata ma suna da kofin zakaru?

Da gaske. Na Turai tun 2001 ake yin sa. Na Afirka hukumar CAF ta fara shi a 2021, a Alƙahira.

Minti nawa suke bugawa? Ko an rage musu?

Minti 90, mutum 11 kowane ɓangare. Faɗin fili ɗaya, girman raga ɗaya, jan kati ɗaya. Ba abin da aka rage.

Wato Super Falcons ke nan?

Haba jama'a. Kun san bambancin Kano Pillars da Super Eagles tun kuna yara, me ya sa da an ce mata sai kan ya juye? Super Falcons ta ƙasa ce. Wannan gasar ta kulob-kulob ce: Edo Queens, Bayelsa Queens, Rivers Angels da ire-irensu.

Ta yaya kulob yake samun zuwa?

Sai ya fara cin gasar ƙasarsa. A nan gida ita ce NWFL, babbar gasar kulob-kulob ɗin mata ta Najeriya. Daga nan ya je ya fafata da zakarun maƙwabta a yankin da CAF ta sa mu, wanda ake kira WAFU B, inda Gana da Kwaddibuwa da Benin da Togo da Burkina Faso da Nijar suke. Kulob ɗaya tak ke fita daga nan. Yankunan Afirka shida ne, kowane ya kawo ɗaya, a ƙara mai riƙe da kofi da kulob ɗin masu masauki, su zama takwas. A raba su rukuni biyu, a yi komai a ƙasa ɗaya cikin kusan mako biyu. Babu zuwa gida da waje irin na maza, saboda haka ku daina tambayata yaushe za a zo Abuja a rama.

To me ya faru a 2024 da kake ta maganarsa?

Wannan kam ku zauna ku ji, domin ita ce shekarar da ta fi yi mini zafi. A Maroko aka yi, cikin Nuwamba, a Kasablanka da El Jadida, mu nan ana tsakiyar aikin kaka. Edo Queens ce ta je da sunan yankinmu, karonta na farko, kuma aka jefa ta rukuni ɗaya da Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu, mai riƙe da kofin. Ta fara da CBE ta Habasha ta ci ta 3-0. Ta yi canjaras babu ci da FC Masar ta ƙasar Masar. Wasa na uku Sundowns ce ta fara zura ƙwallo, aka cinye minti 90 tana gaba, sai a cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara 'yan Edo suka zura biyu a jere. An tashi 2-1, mai riƙe da kofi ta tattara kayanta tun a rukuni.

Wasan kusa da na ƙarshe shi ne wanda na rubuta a allo. Da aka fara, benci biyu na gaba ne kawai da mutane, yawanci yara da ba su da kuɗin shiga na ce su shigo. Da Edo ta ci ɗaya bayan hutun rabin lokaci, ihun yaran ya jawo na waje, har mai rake ya jingine baronsa a jikin zana ya leƙo. Ana dab da tashi, mun fara miƙewa, Mazembe ta farke. A ƙarin lokaci ƙafafun 'yan Edo suka mutu, aka tashi 3-1. Wasan neman na uku ma FC Masar ta ɗauke shi a bugun fenariti, Edo ta dawo ta huɗu.

Mazembe, ta birnin Lubumbashi a Kwango, ta je ta doke AS FAR ta Maroko 1-0 a wasan ƙarshe, a gaban 'yan Maroko, da fenariti ɗaya. Kocin Mazembe a lokacin kuma mace ce, Lamia Boumehdi, 'yar Marokon.

Su wa suka taɓa ɗaukar kofin?

Sundowns a 2021 da 2023. AS FAR ta Rabat a 2022 da 2025. Mazembe a 2024. Shi ke nan.

Ba Najeriya? Ai an ce mu ne sarakan ƙwallon mata a Afirka.

Mu ne, idan ana maganar ƙasa. Falcons ta ɗauki kofin Afirka sau 10, na goman a Yulin 2025, inda Maroko ta sha gabanmu da ci biyu a Rabat muka juya wasan ya koma 3-2. Amma ku dubi waɗanda suka buga mana: yawancinsu a Turai da Amurka suke cin abinci. Yarinya na fara haskawa a birnin Benin na jihar Edo ko Yenagowa sai a ɗauke ta. Abin da ya rage a gida shi ke zuwa wannan gasar. Mafi nisan da muka je shi ne na uku da Bayelsa Queens ta yi a 2022. Rivers Angels a rukuni ta tsaya a 2021. A 2023 ko fita daga yankinmu ba mu yi ba, Ampem Darkoa ta Gana ce ta je, a 2025 kuma ASEC Mimosas ta Kwaddibuwa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne ba ƙafa muka rasa ba. AS FAR kulob ɗin sojan Maroko ne, kuma tun 2020 hukumar ƙwallon ƙasar ta shiga tallafa wa albashin 'yan wasa mata. Sundowns ta gidan Motsepe ce, attajirin da ke shugabantar CAF. Mazembe tana da Moïse Katumbi a bayanta. Namu kuwa galibi na gwamnatocin jihohi ne, gwamna ya waiwaye su su ci, ya kau da kai su yi ta jiran albashi. Sai gasa ta matso a fara neman kuɗin jirgi da wurin atisaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ga yadda 'yan Edo suka ƙare a ƙarin lokacin nan ya san abin da nake nufi.

Nawa ake ba wanda ya ci?

A 2024 dala 600,000. Na maza a shekarar dala miliyan 4. Ku yi lissafin da kanku.

Ita Asisat Oshoala, tauraruwar Super Falcons, wannan kofin ta ci?

A'a, na Turai ta ci, da Barcelona, a 2021, kuma ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ɗauke shi. Masu Arsenal da ke cika mini gida duk Asabar, ku sani matanku sun doke Barcelona 1-0 a Lisbon a Mayun 2025 sun ɗauki kofin, karo na biyu ma, alhali mazan ba su taɓa ba kafin nan. Kuma mai cewa ba mai kallon ƙwallon mata: mutum 91,648 suka shiga Camp Nou a Afrilun 2022 don ganin Barcelona da Wolfsburg.

'Yata ta dage sai ƙwallo. In bar ta ko in hana ta?

Wani dattijo ne ya yi mini wannan, bayan sallar isha'i, da murya ƙasa-ƙasa don kada na kusa su ji. Bayan shi wasu ma sun yi. Ita kaɗai ce a cikin tambayoyin nan ba na gajiya da ita, kuma ba ta da amsa guda.

Baba, da farko ni mai gidan kallo ne, ba malami ba. Abin da ya shafi halal da haram ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ka faɗa masa shekarun yarinyar da inda za ta buga da waɗanda za ta buga da su, kada ka tsaya a "mace da ƙwallo" kawai. Abin da zan iya gaya maka shi ne dokar wasa ba ta tilasta wa kowa buɗe kai. Tun 2014 aka amince a rufe kai a fili. Ana sa riga mai dogon hannu, ana sa dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren. Nouhaila Benzina, mai tsaron baya, wadda ta buga kofin duniya na 2023 da kanta a rufe, daga AS FAR ɗin nan aka ɗauko ta. Sai dai wannan maganar sutura kaɗai ta warware, ita ma wani malamin zai ce bai isa ba. Maganar tafiya da kwana a wani gari da cuɗanya da maza tana nan yadda take.

Na biyu, ka san nisan hanyar. Kulob-kulob ɗin da suka yi suna a babbar gasa kuma suka fi kusa da mu su ne Nasarawa Amazons a Lafiya da Adamawa Queens a Yola. Daga nan zuwa kowanne tafiya ce ta yini. Wato yarinyar da za ta mai da ƙwallo sana'a sai ta bar gida, ta zauna a sansani a hannun mutanen da ba ka sani ba. Idan shekarunta 12 ko 13 ne, ni dai ban ga dalilin wannan maganar yanzu ba. Idan a makarantarsu ta 'yan mata take bugawa, a cikin katanga, da malama a tsaye, ban ga abin tashin hankali ba. Motsa jiki ne, kuma a nan ne za a gane ko baiwa ce ko ɗoki. Da yawa ɗoki ne, shekara biyu ya wuce. Wasu kuwa da gaske ne, ko makaho ya ji yadda ƙwallo ke fita daga ƙafarsu. CAF ma tana da gasar makarantu ta yara 'yan ƙasa da 15, maza da mata, don haka hanyar makaranta ba hanyar banza ba ce.

Na uku, kuma a nan ina so ka buɗe kunne sosai. Duk wanda ya zo maka, ko ya kira a waya, ya ce shi wakili ne zai kai ta Legas ko Turai gwaji, ka kawo kuɗin fasfo da na fom, ka sallame shi. Kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun uba. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa da ba su shafe mu ba. Samarinmu maza an sha cin kuɗinsu ta wannan hanyar, wani gona aka jinginar. Ga 'ya mace abin da za a rasa ya fi kuɗi.

Na huɗu, kada ka ɗauka arziki ne a ajiye. A kan kowace Oshoala akwai tarin 'yan mata da suka yi shekaru suna bugawa suka dawo hannu rabbana. Tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi samun mata a kan maza, kuma jinyarta takan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara, bayan aikin tiyata mai tsada. Saboda haka ko ka bari ko ka hana, karatu kada ya tsaya, na boko da na islamiyya.

Sannan ka zauna da mahaifiyarta. Ita za a fara yi wa gori a gidan biki, ita za a ce wa ta bar 'ya tana tsalle kamar namiji, ita kuma ta fi ka sanin halin yarinyar. Maganar gari gaskiya ce, ba zan ce maka ka toshe kunne ba, don a nan za ka ci gaba da zama, a nan kuma wataƙila za ta yi aure. Amma ka kwantar da hankalinka, 'yarka ba ta lalace ba don tana son ƙwallo. Oshoala musulma ce 'yar Ikorodu, iyayenta ma da farko ba su so ba. Abu ɗaya da nake roƙonka: kada ka dake ta a kan wannan. Yarinyar da aka daka ba ta daina so, ɓoyewa take koya, kuma mai ɓoyewa ita ce ke faɗawa hannun irin wakilan da na gaya maka. Idan za ka hana, ka zaunar da ita ka faɗa mata dalili. Idan za ka bari, ka je makarantar da ƙafarka ka ga malamar, ka san ranar wasa, ka san wa zai raka su in za a fita gari.

A wace tasha ake nunawa?

Yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Ku duba shafin CAF idan gasa ta matso, sau da yawa suna sakawa a YouTube. Yana cin data, kuma sabis ɗinmu kun san shi, sai an hau tudun bayan makaranta.

Za ka sa mana idan an zo yi?

Zan sa, in kulob ɗin Najeriya ya fita, in bai fita ba ma zan sa wasan ƙarshe. Amma janareto ba da fatan alheri yake tashi ba. Masu cewa "ai na mata ne, ka bar mu kyauta" ku ji da kyau: man da yake sha ranar Arsenal shi yake sha ranar Edo Queens. Kuɗin shiga ɗaya ne. Idan wasa ya ci karo da magariba zan kashe, a yi salla a dawo.

'Yan mata za su iya shiga su kalla?

A nan ba sa shiga, kun sani, ni ma ba zan jawo wa kaina magana ba. Kai mai waya, ka sa data ka miƙa wa ƙanwarka ta kalla a tsakar gida.