Altanetar jirgin ruwa ba ta caji sosai: tambayoyin da ake ta yi mini

Kusan kowane mako sai wani ya zo da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, a hannu, ya riga ya kwance ta daga injin jirgi, wai ta mutu. In na tambaye shi nawa mitar awon bolt ta nuna, sai ya yi shiru. Ga amsoshin a wuri guda.

Nawa ya kamata in gani?

A tsarin bolt 12, cikakken batir mai ruwa da ya huta yana nuna kamar 12.6. In inji na aiki an ƙara masa wuta, 13.8 zuwa 14.4. Mai tsarin 24 ya ninka.

Agogon awon bolt da ke gaban direba ya isa?

Bai isa ba. Sa mita a kan batir ɗin kansa.

In cire kan batir inji na aiki don in gani ko tana caji?

Kul! Haka ake ƙona dayod ɗin altaneta mai lafiya, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Kada kuma ka kashe babban makunnin batir sai inji ya tsaya.

Me zan fara dubawa?

Fambel. Kashe inji, danna tsakiyarsa da yatsa. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko kusa da haka, ya saki. Baƙar ƙura a gaban inji da ƙara kamar kukan tsuntsu duk alamar yana zamewa ne.

Fambel lafiya, amma 13.2 nake gani a batir. Ta mutu ke nan?

Wataƙila, wataƙila kuma lafiyarta ƙalau. A nan ne mutane ke gaggawa su yi asarar kuɗi, don haka ka bi ni a hankali.

Ka auna a wuri biyu, inji na kan gudun tafiya: a kan babban ƙusan fozitif da ke bayan altaneta, sannan a kan batir. In altaneta na ba da 14.2 amma batir 13.2 yake samu, wutar a hanya take zubewa. Bambancin da ya wuce rabin bolt ya yi yawa. Galibi laifin tsatsa ne, musamman a ruwan gishiri, inda waya kan ci ta ciki roba kuwa tana nan kamar sabuwa. Ka duba ɓangaren negatif ma, shi aka fi mantawa. Sai dai in jirginka na da batir biyu da na'urar raba caji mai dayod a tsakaninsu, ita kaɗai tana cin kamar 0.7, kuma aikinta ke nan, ba lalacewa ta yi ba. Maganin wannan shi ne regileta, wato abin da ke daidaita bolt ɗin altaneta, ta riƙa jin wutar daga kan batir.

In kuma duka wuraren biyu 13.2 ne, har yanzu kada ka yanke hukunci. Manyan batura da suka kwana ana jan wutarsu suna shanye duk abin da altaneta ta kawo, sai bolt ya tsaya ƙasa ya riƙa hawa sannu a hankali. Mita mai matse waya, wadda ke auna amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ita ce za ta raba gardama. In amfiya masu yawa na fita, kusa da abin da aka rubuta a jikinta, to aiki take yi iya ƙarfinta, ka ba ta awa guda ka sake aunawa. Ka kuma sani in ta yi zafi ƙarfinta na raguwa, ɗakin inji kuwa ba ya samun iska sosai. Batirin litiyom ya fi rikita mutum, don bolt ɗinsa kan daɗe a wajen 13 da ɗoriya yana jan wuta sosai, har ya iya dafa altaneta.

Sai in bolt na ƙasa, amfiya ma kaɗan, sannan zan fara zargin cikinta: burushi, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, ya cinye, ko regileta, ko dayod. Juya mita zuwa AC, wato awon wuta mai kai da komowa, ka auna a bayan altaneta. In ya haura rabin bolt, mai yiwuwa dayod ne, ko da yake wasu ƙananan mitoci na nuna ƙarya a wannan awon.

Ba ta fara caji sai na ƙara wa inji wuta sosai.

Kwantar da hankalinka. Murɗa makulli ka ga ko fitilar caji ta kama. Altaneta da yawa ta wannan ƙwan suke samun wutar tashi, in ya ƙone sai su yi jinkiri.

In sa ta mota? Ta fi araha.

A jirgi mai injin fetur, a'a. Ta jirgi an kare ta yadda tartsatsi ba zai fita ba, tururin fetur kuma a ƙasan ɗakin inji yake taruwa. Da ran mutane kake wasa.

To yaushe zan kwance ta?

Bayan ka rubuta lambobi uku a takarda: bolt a bayan altaneta, bolt a kan batir, da amfiya. Ka tafi da takardar wurin mai gyara.