Cincirindon bareyi a bakin tafki ba shi ne yawansu ba

Da yawa a Yamai na ɗauka in bareyi sun cika bakin tafki a gandun dajin W da ke kudu da birnin, to namun daji sun ƙaru. Ba haka ba ne. Da rani ƙishirwa ce ke tattaro su daga nesa, mai ƙirga kuma yakan lissafa guda sau biyu.

Wajen ƙirga su, ma'aikatan daji miƙaƙƙen layi suke bi da sassafe. Tafiyar kilomita 10, ana duba mita 100 dama da hagu, ta ba da murabba'in kilomita 2. In an ga bareyi 8, 4 ke nan a kowane murabba'in kilomita ɗaya. Doguwar ciyawa kan ɓoye wasu, shi ya sa dole a auna nisan kowace barewa da aka gani daga layin, don a ƙiyasta waɗanda ba a gani ba. Raƙuman dawan yankin Kure da ke kusa da Yamai kuwa, da hoton zanen fatarsu ake tantance su ɗai-ɗai.