Keke a Hamada, Kwalekwale a Teku: Tambayoyi kan Tafiyar Baha Kaliforniya

Ina ne wurin?

Baha Kaliforniya dogon zirin ƙasa ne a arewa maso yammacin Meksiko, tsawonsa kusan kilomita 1,200. Yamma Tekun Fasifik, gabas Tekun Kortes, tsakiya kuwa hamada da duwatsu da itatuwan cardón masu ƙaya, wasu sun fi gida tsayi.

Wace hanya masu keke suke bi?

Akwai babbar hanya ta 1, wadda aka kammala a 1973, daga Tihuwana zuwa Kabo San Lukas, kimanin kilomita 1,700. Kwalta ce, amma matsattsiya, kuma a wurare da dama ba ta da gefen da mai keke zai raɓa in tirela ta taso. Masu keken da ke guje wa motoci sukan bi Baja Divide, hanyar burji da rairayi da ta zarce kilomita 2,500. A can ƙaya ce abokiyar gaba, shi ya sa ake sa taya mai faɗi marar tif, a zuba mata ruwan gam mai toshe huda tun kafin iska ta fice.

To, kwalekwalen fa?

Ƙarami ne, siriri, rufaffen sama, mutum ɗaya ko biyu ke tuƙa shi da filafili mai baki biyu. An fi shiga ruwa daga Loreto, garin da aka kafa a 1697, ko daga La Fas zuwa tsibirin Espiritu Santo. Tsibiran Tekun Kortes suna cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2005.

Me ya fi wahala?

Ruwan sha, sannan iska. Ga ruwa shimfiɗe iya ganinka, amma ko kurɓi ɗaya ba ya shayuwa, gishiri ne. Yawancin tsibiran ba su da rijiya, don haka ana cusa buhunan ruwa a cikin kwalekwalen, kusa da tsakiya don kada ya karkace. Mai keke shi ma ya cika gorunansa a duk ƙauyen da ya tarar da shagon tataccen ruwa, ko da bai ji ƙishi ba.

Iskar ce na fi jiye wa baƙo. Da hunturu akwai ta arewa, wadda mutanen wurin ke kira El Norte, takan yi kwanaki tana kaɗawa, ta tayar da igiyar da za ta kife ƙaramin jirgi. Masu hankali suna fita da asuba, su sauka kafin azahar. In ta taso, a ja kwalekwale kan tudu a jira, kuma lallai a ware ruwan kwanakin jiran tun daga gari.

Yaushe ya kamata a je?

Daga Nuwamba zuwa Afrilu. Bayan Afrilu zafi yana ƙaruwa har ya yi yawa, daga Agusta zuwa Oktoba kuma lokacin guguwar teku ne.

Akwai abin tsoro a bakin ruwan?

Akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai, da ƙari a wutsiya, yana binne kansa a yashi inda ruwa bai kai gwiwa ba. Kada ka ɗaga ƙafa ka taka. Ja ta a ƙasa, motsin zai kore shi.