"Saƙar hannu": hannun ne ko injin?

Da hunturu ya kunno kai, sai "saƙar hannu" ta cika gari. Masu sayar da kayan sanyi a WhatsApp da Instagram suna liƙa ta a jikin kowace hula da kowace safa. A rediyo kuwa, duk sa'ad da aka yaye mata daga wani shirin koyon sana'a, za ka ji mai rahoto yana cewa an koya musu saƙar hannu, kafin ya sauke numfashi kuma ya ƙara da cewa uwargidan wane ta raba musu injin saƙa ɗai-ɗai. Ba mai tsayawa ya tambaya, shin hannun ne ya yi ko injin?

Kowa ya san saƙa, ba sai an tsaya bayani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, wannan kalma ɗaya tana goye da sana'o'i uku waɗanda zare kaɗai ya haɗa su. Akwai ta masaƙi, mai jera zare a tsaye, ya riƙa jefa ƙoshiya da abawa tana ratsawa, har gwado ko luru ko saƙi ya fito. Akwai ta kwarashi, ƙugiya ɗaya, ido ɗaya, wato ɗan zoben zare, a kanta, sai an gama da shi a kama na gaba. Sannan akwai ta tsinke, inda zare guda ɗaya tak yake zama idanu masu yawa a jere a kan tsinken, kowane layi yana rataye a jikin na ƙasa da shi. Wannan ta ukun ita ce ta safa da rigar sanyi, kuma ita ce za ka kama bakin zarenta ka ja, ta warware tun daga sama har ƙasa. Mai "saƙa da warwara" a zuci ya fi kusa da mai tsinke, don gwado ba ya warwaruwa da ja ɗaya.

Abin da ya fi nuna bambancin nan, a ganina, shi ne wata irin safa da ta fara yawa a tallan 'yan intanet, wadda zan kira safar ƙwauri. Safa ce marar tafin ƙafa, tana tashi daga idon sawu ta tsaya ƙasan gwiwa, wani lokaci ta haura cinya. Asalinta kayan aikin masu rawar bale ne, rawar nan da ake yi a kan yatsun ƙafa, a Turai da Amurka. Suna sa ta lokacin gwaji don naman sha-raɓa ya zauna da ɗumi tsakanin motsi da hutu, tafin ƙafa kuma ya zama a sake saboda takalmin rawa. A farkon shekarun 1980 ta fito daga ɗakin rawa ta shiga titi, musamman bayan kaset ɗin motsa jiki na 'yar fim ɗin Amurka Jane Fonda na 1982, har 'yan matan Amurka suka riƙa ɗora ta kan wando. Yayin ya wuce, yana kuma dawowa lokaci-lokaci.

Wannan safa ba ta da diddige, ba ta da yatsu, ba maɓalli, ba igiya. Bututu ne kawai. Aikinta ɗaya, ta buɗe ta wuce diddige, ta koma ta kama ƙwauri, kada ta zame. Yadin masaƙi ba zai iya ba, domin zaren tsaye da na kwance sun riga sun miƙe, ba su da sauran wurin miƙewa. Zaren saƙar tsinke kuwa a lanƙwashe yake cikin kowane ido, in an ja ya miƙe, in an saki ya koma. Mai saƙa tana ƙara wa wannan ƙarfi da wata dabara: ido biyu ta shigo da zaren ta gaba, ido biyu ta baya, haka har layi ya zagayo. Sai saƙar ta fito kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, ta tsuke da kanta. Shi ne abin da kake gani a wuyan rigar sanyi da bakin hannunta.

A yi lissafi. In zaren matsakaici ne, a ce ido 48 a zagaye, layi 110 don a sami tsawon da zai rufe ƙwaurin babba. Ido 5,280 ke nan a ƙafa ɗaya, 10,560 a ƙafa biyu, kuma kowane ɗaya sai yatsun mai saƙa sun zagaya masa zare sun fito da shi. Injin saƙa na gida, irin wanda ake rabawa a bikin yaye ɗalibai, yawanci yana da allura 200 a jere. A tura kansa daga dama zuwa hagu sau ɗaya, layi guda ya kammala. Abin da mai tsinke za ta yi ido 48 tana yi, mai inji ta gama shi da turi ɗaya. In duka biyun sun shiga kasuwa da suna ɗaya, mai saye zai ga ɗaya ta ninka ɗaya a kuɗi, ya ɗauka mai tsinken ce ta cika son riba.

Rigimar nan ta girmi rediyo, kuma a kan safa aka fara ta. Tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka sani safunan auduga ne masu fari da shuɗi da aka tono a Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13, wasu ma da ado mai kama da rubutun Larabci. Daga baya sana'ar ta bazu a Turai, inda safa ta zama babbar haja, don mazan lokacin wandonsu iyakarsa gwiwa. A 1589 wani Bature mai suna William Lee, mutumin Calverton kusa da Nottingham a Ingila, ya ƙera injin saƙa safa. Ana ba da labarin cewa Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta hana shi takardar mallakar fasahar don tsoron kada talakawa masu tsinke su rasa abinci, har ya kwashi injinsa ya tafi Rouen a Faransa. Injin Lee shimfiɗaɗɗiyar saƙa kawai yake yi. Kunya-kunyar nan da kowace mai tsinke take yi tana hira, sai a ƙarshen shekarun 1750 Jedediah Strutt na garin Derby a Ingila ya samo yadda inji zai yi ta, kusan shekara 170 bayan Lee. Har yau injin gida mai jeri ɗaya sai an ɗaura masa jeri na biyu kafin ya yi ta yadda ya kamata.

Sai kuma 1811, lokacin da masu saƙar safa na yankin Nottingham suka fara bin dare suna farfasa injuna. Su ne tarihi ya sani da Ludawa, waɗanda yau ake jingina wa duk wanda ya ƙi sabuwar fasaha. An zalunce su da wannan fassara. Su kansu masu aiki da inji ne, da shi suka tashi. Cikin abin da ya tunzura su, ban da karya musu lada, akwai wata ha'inci: masu jari sun koma saƙa yadi mai faɗi a babban inji, a yanka shi da almakashi, a ɗinke, a sayar a matsayin safa. Saƙar tsinke kuwa ba ta son almakashi, inda aka yanke nan take fara zubewa. Kaya marar kyau ya shiga kasuwa da sunan mai kyau, ya karya farashi, ya ɓata sunan sana'a. A 1812 majalisar Birtaniya ta mai da fasa injin saƙa laifin kisa. Ni dai duk sanda na ga safar ƙwauri da aka yanko daga doguwar saƙar masana'anta aka bi bakinta da keken ɗinki, an kuma rubuta "saƙar hannu" a ƙasan hotonta, mutanen nan nake tunawa.

Wani zai ce, ai injin gidan ma hannu ke tura shi, ba wuta ba fetur, kuma masaƙin gwado shi ma da masaƙa yake aiki, ba wanda ya hana shi sunan saƙar hannu. Maganar tana da ƙarfi. A Birtaniya dokar 1993 da ta kare yadin Harris Tweed ta ce dole mutanen tsibiran Outer Hebrides na Scotland su saƙa shi da hannu a gidajensu, alhali masaƙarsu da ƙafa ake taka ta. Amma masaƙi ba shi da wata hanya. Ba a yin gwado sai da masaƙa, saboda haka "hannu" a wurinsa yana raba shi ne da masana'anta. Safa kuwa ana yin ta da tsinke zalla, kuma akwai mata da yawa da suke yi. In an ba mai inji sunansu, su da wane suna za su shiga kasuwa? Saƙar inji ba abin kunya ba ce. Tana ciyar da gidaje, tana fitar da rigunan sanyin 'yan makaranta da yawa cikin mako, kuma sarrafa injin gwaninta ce mai zaman kanta. A kira ta saƙar injin hannu, kowa ya huta. Ɗan siyasar da ya raba inji ma ya fi cin riba in ya ce inji ya raba, don ya fi tsinke tsada nesa ba kusa ba.

Gane ta hannu ba shi da sauƙi yadda ake zato. Mutane suna cewa a duba ɗinki a baya, wai in babu to ta hannu ce. Ba haka ba ne. Mai tsinke huɗu ko biyar tana zagayawa ta fitar da bututu ba ɗinki, amma injin masana'anta mai zagaye ma haka yake yi, sannan mai tsinke biyu shimfiɗe take saƙawa ta haɗe da allura. Gara ka juya safar ciki waje. Ta hannu za ka ga inda aka soke jelar zare aka ɓoye, ka ga idanun ba su zama daidai wa daida ba, wani layi ya ɗan tsuke wani ya ɗan saki. In ka ga bakin an yanke an bi shi da siririn zaren keke, ba sauran tambaya.

Tunda an zo nan, "ulu" ma yana da irin wannan ciwo. Ainihinsa gashin tumaki ne, amma mafi yawan ƙullin zaren da ke kasuwanninmu akirilik ne, daga man fetur aka samo shi. Ka ƙona ɗan guntu: gashin tumaki zai yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, akirilik zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Wannan ya shafi duk wanda zai sa wa yaro safa ya zaunar da shi gaban wuta jin ɗumi, don abin da ya narke a fata mannewa yake yi.

Kwarashi ne kaɗai ba ya bukatar rantsuwa. Masana'antu ba su da injin da ke yin ainihin saƙar ƙugiya ɗaya, abin da suke fitarwa kwaikwayo ne da wata irin saƙa daban. Duk hular jariri ta kwarashin gaske da ka gani, wani ko wata ta zauna ta yi ta ido bayan ido. Sai dai kwarashi bai kai tsinke miƙewa da komawa ba, shi ya sa safar ƙwaurin da aka yi da shi takan bukaci roba ko igiya a bakinta na sama, in ba haka ba kafin a kai bakin titi ta taru a idon sawu.