Ɗinki a gida: tambayoyin da masu koyo suka fi yi mini

Ni ba tela ba ce. Ba ni da shago, ba na karɓar ɗinkin kowa. Keken ma gadonsa na yi wurin mahaifiyata, baƙin Butterfly na ƙafa wanda ya girme ni, yana jingine a lungun ɗakina a Tudun Wadar Kaduna. Amma tun da maƙwabta suka fara jin ƙararsa da hantsi, tambaya ba ta yanke ba: amaryar da zaman gida ya ishe ta, budurwar da ke jiran sakamakon jarrabawa, har da wata Hajiya da ta yi ritaya daga koyarwa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wane keke zan saya, na ƙafa ko na lantarki?

Na ƙafa. Ba sai na yi dogon bayani a kan halin wutarmu ba. Ranar da kika samu sarari kika shimfiɗa yadi, ranar za a ɗauke ta. Baƙin keken nan, Butterfly ne ko Singer ko wani mai kama da su, ƙarfe ne zalla, kayan gyaransa na nan birjik a kasuwa, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. Idan hannunki ya faɗa daga baya, ana ɗaura masa ɗan moto ya koma na lantarki.

Aibinsa ɗaya: miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, ba ya zigizag. Mai koyo kuwa miƙaƙƙen take nema. In na hannu za ki saya, wato wanda wani ya taɓa amfani da shi, tafi da ƙyallenki, ki ninka shi huɗu, ki sa a taka a gabanki, ki juya bayan ki duba.

Ban da keke, me kuma zan tanada?

Almakashi mai kaifi, tef na awo, allin tela, fil, allurai, zare fari da baƙi, reza ko abin farke ɗinki, sai dutsen guga. Almakashin nan ki ɓoye shi. Ranar da yara suka yanka kwali da shi don aikin makaranta, ya tashi daga aiki.

Dutsen guga ne mutane suka fi rainawa, alhali rabin kyan ɗinki a wurinsa yake. Kalmasar da aka goge kafin a taka ba ta karkacewa. In ba wuta, na gawayi ya wadatar, sai dai a kula da tartsatsi.

Da wane irin yadi zan fara, kuma a ina zan samu?

Da auduga, kuma mai araha. Atamfa mai auduga tana tsayawa inda aka ajiye ta, tana karɓar guga, ba ta zamewa ƙarƙashin allura. Ki bar leshi da siliki da yadin hijabi mai talewa tukuna, suna sa mai koyo ta tsani keke a rana ɗaya.

Kafin ki kashe kuɗi ma, buɗe akwati. Tsohon zanin gado da zanin da ya koɗe sun isa gwaji. Sannan ki shiga Kasuwar Barci wajen layin teloli, ki gaisa, ki ce, "Malam, don Allah ko akwai ƙyallaye?" Da yawa sharewa suke yi su zubar, wasu su ɗaure a leda su sayar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A nan kuma za ki samu zare, zif, roba da maɓallai. Abin da babu, sai Kasuwar Sheikh Gumi.

Wani abu da ya canza shi ne ingancin yadin kansa. Mahaifiyata ta yi zamanin da ake saƙa yadi a nan Kakuri. An buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, wasu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya, har Kaduna ta zama garin masaƙu. Ita in ta ce atamfa, auduga take nufi, ba ta ma tambaya. Yanzu da masaƙun suka durƙushe, akasarin abin da ke kasuwa daga waje yake zuwa, kuma wata atamfar an gauraya ta da roba, ga sheƙi a ido, ga zafi a jiki. Gwajin ba wuya. Yanki ɗan ƙyalle daga gefe, ki riƙe shi da cokali mai yatsu a tsakar gida, ki kusanta masa ashana. Auduga takan ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa ƙanƙancewa take, ta narke, ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri.

Kuma ki wanke sabon yadi kafin ki yanka. Auduga tana shiga bayan wankin farko, sitacin jikinta ma yana ruɗin mai awo.

To me zan fara ɗinkawa?

Ranar farko, ba komai. Cire zare, ki ɗauko takardar littafi mai layi, ki bi layukan da allura. Abin da kike koya shi ne ƙafa: wili ya riƙa juyowa wajenki ba tare da ya koma baya ba, don da zarar ya koma baya da zare a ciki, ya tsinke. Idanunki kuma kada su bi allura, su bi gefen takardar.

Bayan nan, rigar filo. Ina son ta ne don layi huɗu ne kacal, ba zif, ba maɓalli, kuma a daren za ki kwana a kan aikin hannunki.

A ce filonki faɗinsa inci 18, tsawonsa 27. Yanki yadi mai faɗin inci 20, tsawon inci 64: tsawon filo sau biyu, 54 ke nan, da inci 8 na marfin da ke riƙe filo daga ciki, da inci 2 na kalmasa. Yadi ɗaya inci 36 ne, don haka yadi biyu na atamfa zai ba ki riga biyu gefe da gefe, har da ragowa. Ki kalmashe gajerun bakunan biyu: ninka rabin inci, goge, sake ninka rabin inci, goge, taka. Sai ki shimfiɗa shi fuskar tana sama, ki ɗauko baki ɗaya ki ninko shi har ninkin ya kai inci 27, fuska na kallon fuska. Inci 8 ɗin da ya yi saura a waje, ki kifo shi ya rufe wancan bakin. Kafa fil, ki taka dogayen gefen biyu da tazarar rabin inci, ki ɗan koma baya a farko da ƙarshe don kada ya warware. Juya shi. Marfin zai faɗa ciki da kansa.

Daga nan hanya ta buɗe: jakar Islamiyya ta yara, labule, zanin goyo, tsumman sauke tukunya da aka cusa wa tsohon tawul, rigar da za ta kare keken daga ƙura. Ƙyallayen teloli kuwa, yanka su murabba'i inci 5, ki haɗa su layi-layi, sai ga shimfiɗar kujera wadda ba mai irin ta. Sutura ta farko ta zama wandon yaro mai roba: ki yi masa ƙubaka kamar ta zariya, ki yanka robar ta gaza ƙugunsa da inci ɗaya, ki zura ta da fil mai kulle.

Zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu. Keken ya lalace ne?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma da wuya laifin ya zama na keke. Kwanaki wata ƙanwata ta shigo kamar ta yi kuka, ta ce, "Anti, an cuce ni, mataccen keke aka sayar mini." Har ta fara kwance ɗan kusan jikin ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, da wuƙa. Na bi ta gida. Ban taɓa ƙoshiyar ba, na zare zaren sama gaba ɗaya na sake sa shi, keke ya kama tafiya sumul.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ɓarnar a ƙasa take bayyana, amma daga sama take tasowa. Keke da zare biyu yake ɗinki, na sama da na ƙasa da ke naɗe a ƙwarƙwaro, suna sarƙewa a tsakiyar yadi. Idan na sama ya yi sako-sako, ba abin da zai ja shi ya koma, sai ya taru a ƙasa. Yawanci bai shiga tsakanin faranti biyun nan na tenshan masu matse zare ba, ko ya zame daga ƙarfen da ke hawa da sauka. Faranten ba sa buɗewa sai an ɗaga ƙarfen da ke danne yadi, saboda haka kullum ki ɗaga shi kafin ki sa zare, ki sauke shi kafin ki taka. Ki kuma riƙe jelar zaren biyu a baya yayin taku biyu ko uku na farko. In duk kin yi haka bai daina ba, sannan ki ɗan ƙara tenshan kaɗan-kaɗan kina gwadawa a ƙyalle. Kusan ƙoshiya dai ki bar shi ya huta.

Allura tana karyewa, wani lokacin kuma tana tsallake.

Ko kina jan yadi, ko allurar ba ta dace ba. Haƙoran keke ne ke tafiyar da yadi, naki saiti ne kawai; kina ja, allura ta lanƙwashe ta daki ƙarfe. Lamba 14 ce ta atamfa da shadda, 11 ta yadi mara kauri, 16 ko 18 ta jins da jaka. Tsallake kuwa, allura ta dakushe, ko ba ta shige can ƙarshe ba, ko an juya ta. Shafa ta da farce, za ki ji dogon kwari a gefe ɗaya. Wannan kwarin yana fuskantar inda zare ke shigowa.

Zan iya ɗiga masa man gyaɗa?

A'a. Man gyaɗa da baƙin mai daskarewa suke, su haɗu da ƙura su zama danƙo. Man keke fari ne, ba ya tsada. Ɗigo ɗaya a kowane rami, ki taka ƙyalle ya tsotse ragowar kafin ki kawo farin yadi. Lokacin hunturu kuwa ki riƙa buɗe wajen haƙora kina share gashin yadi da tsohon buroshin haƙori.

Yaushe zan iya ɗinka kayan Sallata da kaina?

Ba bana ba. Na san abin da ke kawo tambayar, duk mun sha alƙawarin tela a goman ƙarshe na azumi. Amma riga da siket suna buƙatar iya yanka, yanka kuwa ba a farke shi kamar ɗinki. Ki je wurin wadda ta iya, ki zauna ki ga yadda take fitar da wuya da hammata, ko ki farke tsohuwar rigarki da ta zauna miki, ki goge ɓangarorin, ki zana su a takardar buhun siminti.

Ni ban bi wannan shawarar ba. Wata biyu da fara taka keke na ɗauko turmi guda, yadi shida cif, atamfa mai zanen tsuntsaye da aka sa mini a lefe. Na ninka, na yanka, na kwana biyu ina ɗinki. Sai da na tsaya gaban madubi na ga tsuntsayen gaba suna tashi sama, na baya duk sun yi ƙasa da kai. Na saka mayafi babba na je Idi a haka. Mahaifiyata ta zagaya bayana ta ɗaga mayafin, ta duba, ta sauke, ta ce, "Kalmasar dai ta miƙe."