Hausa ta zama harshen ƙasa, to ina aikin masana a ciki?

A watan Maris 2025 ne shugaban Nijar Janar Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya maida Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Ga tambayoyin da ake yawan yi a fadojin Maradi.

Ba gwamnati ce ke yanke hukunci ba? Masana mene ne nasu?

Ita ce ke sa hannu, gaskiya ne. Amma sa hannu ba ya rubuta littafin lissafi na ɗan aji ɗaya, ba ya gaya ma alkali yadda zai faɗi hukunci da Hausa har tsohuwar da ta taso daga Tibiri ta gane abin da aka yanke mata. Wannan aikin masana harshe ne, su daidaita rubutu, su samo kalmomin likita da shari'a, su horar da malaman lakwal.

Sun taɓa yin wani abin a zo a gani?

Sosai ma. A 1966 UNESCO ta tara su a Bamako kan haruffan harsunanmu, a 1980 aka sake zama a Yamai don rubutun Nijar da na Najeriya ya zo ɗaya. Makarantar gwaji ta farko da aka koyar da yara da Hausa an buɗe ta a Damagaram a 1973, daga baya INDRAP, cibiyar gwamnati mai bincike kan harkar koyarwa, ta riƙa shirya littattafai, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar.

Hausar wa za a bi, tamu ko ta Kano?

Nan ne ni abin ya fi damuna. Daidaitacciyar Hausa kan Kananci aka gina ta kuma tana da amfani tunda littafi ɗaya zai karantu daga Maradi har Zariya, amma yaron da ya tashi da Katsinanci ko Gobiranci bai kamata mushen lakwal ya ce mishi maganar uwarshi kuskure ce ba, don haka dole masana su fito daga biro su saurari 'yan kasuwa da manoma da malaman allo masu ajami kafin su tsaida kalma.

Sauran harsunan fa?

Masu Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci su ma 'yan ƙasa ne. Masanin kirki zai gaya ma gwamnati a fili cewa yaransu ma su fara karatu da harshen gida, kuma a ware kuɗin littattafansu a kasafi.