Furen albasa na cikin ɗaki a hunturun Turai

Furen albasa na cikin ɗaki al'ada ce ta masu sha'awar lambu a ƙasashen sanyi, musamman arewacin Turai da Amurka ta Arewa. Ana dasa tsirrai masu gindi irin na albasa a tukunya ko kwalba, a sa su su yi fure tsakanin Disamba da Fabrairu, watanni kafin lokacin da za su yi shi a fili. Tsirrai uku ne suka fi shahara a wannan harka: hayasin, amarilis da farin narsis. Al'adar tana tafiya tare da sauke kayan adon Kirsimeti, domin da zarar an kwashe fitilu da bishiyar biki, ɗaki yakan yi fayau, ga shi kuma lokacin ne duhu ya fi yawa. A Landan hasken rana ba ya cika awa 8 a ƙarshen Disamba, a Stockholm kuwa kimanin awa 6 ne. Furen da ke bisa taga shi ke riƙe gidan har lokacin ɗumi ya kawo kai.

Ranar sauke ado

Babu rana guda da kowa ya yarda da ita. A Ingila yawanci ana sauke ado ne a dare na goma sha biyu bayan Kirsimeti, wato 5 ga Janairu, wasu kuma 6 ga wata, kuma akwai camfin cewa barin sa ya wuce ranar yana jawo rashin sa'a. Babbar bishiyar da birnin Oslo ke aika wa Landan kyauta kowace shekara tun 1947, wadda ake kafawa a dandalin Trafalgar, a wannan tsakanin ake sauke ta, a niƙe ta a mayar da ita taki. A Suwidin da Finlan sai 13 ga Janairu, ranar waliyyi Knut, inda yara ke wawashe alewar da aka rataya a bishiya kafin a fitar da ita waje. Tsohuwar al'ada ta fi duk waɗannan haƙuri: ana barin ado har 2 ga Fabrairu, kwana 40 bayan Kirsimeti, kuma har yau haka ake yi a gidaje da majami'u da yawa na Polan da wasu yankunan Katolika na Jamus.

Abin da ke cikin albasar

Duk sirrin sana'ar yana wuri ɗaya: furen yana nan a ƙunshe cikin albasar tun kafin a saye ta. Idan aka tsaga albasar hayasin biyu a watan Oktoba, za a tarar da ɗan ƙaramin kan fure a tsakiya, fari sol, ɓawo mai kauri ya kewaye shi hawa-hawa. Wannan ɓawon rumbu ne, cike da abincin da ganyen bara ya tara. Shi ya sa albasar ke iya yin fure a kan ruwa zalla, ba ƙasa ba taki. Mai shuka ba ya ƙara mata komai. Abin da yake yi kawai shi ne ya kawo mata sanyi da ɗumi a lokacin da ya zaɓa, ita kuma ta ɗauka shekara ce ta zagayo.

Hayasin

Sunansa na kimiyya Hyacinthus orientalis, asalinsa kuma gabashin Bahar Rum ne, wajejen kudancin Turkiyya da Siriya da Labanan. Ya shiga lambunan Turai a ƙarni na 16, kuma mutanen Holan ne suka mayar da shi sana'a, a yankin ƙasa mai yashi da ke tsakanin biranen Haarlem da Leiden. Bayan haukan tsadar tulib, wani furen albasa, da ya fashe a Holan a 1637, an sake yin makamancinsa a kan hayasin a shekarun 1730, ko da yake bai kai na farko ba. A ƙarni na 18 ne kwalbar hayasin ta yaɗu, mai faɗin ciki da matsattsen wuya da baki kamar ƙoƙo, daidai zaman albasa ɗaya.

Cikin ukun, shi ne mai wuyar sha'ani, domin dole sai ya sha sanyi. Ana cika kwalbar da ruwa har kusa da gindin albasar, amma kada ya taɓa ta, in ba haka ba ta ruɓe. Sai a ajiye ta a wuri mai duhu wanda ɗuminsa bai haura digiri 9 na ma'aunin Celsius ba, kamar ɗakin ƙasa ko gareji, na kimanin mako 10 zuwa 12. A cikin wannan duhun fararen saiwoyi ke saukowa su cika kwalbar, sannan toho mai ruwan ɗorawa ya ɓullo a sama. Idan ya kai santimita 4 zuwa 5, a fito da shi wuri mai ɗan haske da sanyi-sanyi, kwana kaɗan ya koma kore, daga nan a matsa da shi taga. Kuskuren da aka fi yi gaggawa ce. Wanda ya fito da kwalbarsa kafin lokaci, ko ya ajiye ta kusa da na'urar ɗumama ɗaki, zai ga ganye ya miƙe zaƙo-zaƙo, furen kuwa ya maƙale a ƙasa bai fito ba.

Mai son fure ranar Kirsimeti sai ya sayi albasar da manoma suka riga suka sarrafa da zafi bayan tono, ya dasa tun Satumba. Masu sanyaya albasar a firji kuma su raba ta da tuffa da sauran 'ya'yan itace, saboda iskar etilin da suke fitarwa tana lalata furen tun yana ciki. Ɓawon albasar yana sa ƙaiƙayi, don haka ana sa safar hannu. Ladan duk wannan wahala ƙamshi ne: tsiro ɗaya ya isa ya cika falo.

Amarilis da farin narsis

Abin da ake sayarwa da sunan amarilis a shagunan Disamba, a kimiyyance Hippeastrum ne, ɗan Amurka ta Kudu, daga Brazil da tsaunukan Andes. Ba ya bukatar sanyi irin na hayasin. Albasarsa takan fi dunƙulen hannu girma. A dasa ta a tukunyar da ta ɗan matse ta, a bar kashi ɗaya cikin uku a waje, a riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan har kara ya fito. Cikin mako 6 zuwa 8 sai kara mai rami a ciki ya miƙe kusan rabin mita, ya buɗe manyan furanni, galibi huɗu, ja ko fari ko mai zane. Yana karkata wajen haske, shi ya sa ake juya tukunyar kullum.

Farin narsis, Narcissus papyraceus, ɗan Bahar Rum ne, kuma ya fi kowa sauƙi: tsakuwa a kwano, ruwa har gindin albasar, fure cikin wata guda ko ɗan fiye. Ƙamshinsa mai ƙarfi ne, wasu na so wasu ba sa jurewa. Dukkan ukun guba ne ga wanda ya ci, mutum ko kyanwa ko kare, kuma bai kamata a ajiye su kusa da albasar miya ba.

Ba Turawa kaɗai ke wannan ba. A ƙasar Sin ana raino wani ɗan'uwan narsis a kwanon ruwa don sabuwar shekararsu, birnin Zhangzhou ya yi suna da shi, a Iran kuma hayasin na cikin kayan da ake jerawa a bikin Nauruz, sabuwar shekararsu, na watan Maris. A ƙasar Hausa akwai dangin amarilis na jeji, albasar kwaɗi, wadda ke kwanciya a ƙasa duk rani ta yi fure da ruwan farko. Abin da sanyi yake wa hayasin, shi fari yake yi mata.

Bayan fure ya bushe

Hayasin da aka raina a ruwa ya riga ya cinye ajiyarsa, ba zai sake fure a ɗaki ba. Idan aka binne shi a lambu yakan farfaɗo bayan shekara ɗaya ko biyu. Farin narsis ba ya jure ƙanƙarar arewa, yawanci zubar da shi ake yi. Amarilis ne abin takaici, domin da yawa ana jefa shi a shara tare da bishiyar Kirsimeti, alhali yana iya shekaru masu yawa yana fure. Abin da yake bukata bai taka kara ya karya ba. A yanke karan furen, a bar ganyen, a ci gaba da ruwa da taki a wuri mai haske duk tsawon bazararsu. Wajen Satumba a daina ban ruwa, a bar shi ya huta kimanin wata biyu a wuri mai ɗan sanyi, sannan a sauya masa ƙasar sama a dawo da shi ɗumi. Albasar da aka kula da ita haka ƙara girma take yi, har ta fitar da 'ya'ya a gefe, waɗanda ake cirewa a dasa daban, su ma su fara fure bayan shekara biyu zuwa uku.